Laburaren Dandaji da Lissafin Zafi a Ginin Ɗakin Karatu

A garin Dandaji da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, garin Hausawa mai mutane wajen 3,000, akwai tsohon masallacin ƙasa da aka gyara aka mayar da shi ɗakin karatu na jama'a, aka kuma gina sabon masallaci mai cin mutum 1,000 a gefensa. An kammala aikin a shekarar 2018, aka raɗa wa harabar suna Hikma, domin tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda malaman zamanin Abbasiyawa suka tara littattafai suna nazarin addini da lissafi da likitanci a wuri guda. Mata biyu masana tsara gine-gine ne suka zana shi, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, kuma aikin ya ci lambar zinare ta gasar LafargeHolcim ta gine-gine masu ɗorewa a shiyyar Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, sannan ya ci ta azurfa a matakin duniya a 2018. Abin da ya fi waɗannan lambobi muhimmanci a wurina shi ne cewa tun daga tushe an tsara ginin ne domin mutum ya iya zama a cikinsa ya yi karatu ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, a yankin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40 a inuwa.

Na taɓa zama a wani babban ɗakin karatu na gwamnati da aka kewaye da gilashi, tagoginsa a liƙe, domin wanda ya zana shi ya ɗauka iyakwandishan zai riƙa aiki kullum. Na'urorin sun daɗe da mutuwa, kuɗin man janareta ba ya zuwa, da ƙarfe ɗaya na rana ma'aikata suna waje a gindin darbejiya, ɗalibai kuma sun watse. Littattafai suna nan a jere, amma zama ya gagara. Irin wannan gini yana mutuwa ne a ranar da wuta ta ɗauke, kuma a ƙasashenmu wannan rana ba ta da nisa. Kafin 2023 Nijar tana samun wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, da aka yanke layin a watan Agustan shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, manyan garuruwa suka kwana cikin duhu. A Najeriya kuma, a watan Afrilun 2024, an ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta ga masu rukunin farko, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225. Laburare ba ya sayar da komai, ba shi da kuɗin shiga da zai bi wannan hauhawa. Saboda haka maganar rage shan wuta a gininsa magana ce ta ko za a buɗe ƙofarsa gobe ko ba za a buɗe ba.

Kafin a yi maganar sanyaya gini, ya kamata a san ta ina zafin yake shigowa, kuma lissafin ba shi da wuya. Mutum guda da ke zaune yana karatu jikinsa yana fitar da zafi wajen wat 100, wato masu karatu 60 suna zuba kilowat 6 a cikin zaure. Kwamfutoci 20 na kan tebur za su ƙara kilowat 2 zuwa 3. Rana kuwa, idan ta take tsaka kuma sama ta yi garau, tana sauke wajen wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 300 yana karɓar kusan kilowat 300 ke nan a wannan lokaci. Ko da kashi 5 cikin 100 kaɗai ya ratsa zuwa ciki, an sami kilowat 15, ya ninka zafin jikin dukan masu karatun fiye da sau biyu. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana iya kwashe zafi wajen kilowat 3.5, yana shan wuta sama kaɗan da kilowat ɗaya. Ke nan sai an kafa huɗu ko biyar suna aiki ba tsayawa domin su biya bashin da rufi kaɗai ya ciwo. Wanda ya fahimci wannan lissafi ya san cewa aikin injiniyan na'urori yana farawa ne a kan takardar mai zanen gini, domin kowane kuskure a rufi ko a taga zai dawo ya zama na'ura da za a saya, a ciyar da ita wuta, a kuma riƙa gyara ta har ƙarshen rayuwar ginin.

Rufin kwano da siririn silin a ƙarƙashinsa shi ne mafi muni ga irin yanayinmu, duk da cewa shi ne ya fi yawa. Kwano yana yin zafi cikin mintuna, ya riƙa hurowa ƙasa kamar murhun da aka kife. Maginan Hausa sun bi wata hanya: rufin soro mai kauri, a kan azara ko a kan bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa masu ɗauke da rufi, wanda ya ba su damar yin zaure mai faɗi da tsayi kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Diébédo Francis Kéré kuma, a makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001, ya haɗa biyun: rufin ƙasa daga ciki, kwano a ɗage can sama a kan ƙarafuna, iska tana ratsawa tsakaninsu tana kwashe zafin kafin ya sauko. Kwanon ya zama laima, yana tare rana da ruwan sama, ya kuma zarce bango domin ya yi masa inuwa. A laburaren da ya zana wa makarantar ya sa an yanka tukwanen ƙasa na matan garin an dasa su a cikin rufin ciki, suka zama kafofin da haske yake shigowa, iska mai zafi take fita.

Bango mai kauri na ƙasa ba ya hana zafi shiga, jinkirta shi yake yi. Yana shanye zafin rana a hankali, sai bayan awanni da yawa ya iso fuskar ciki, a lokacin rana ta faɗi. Duk wanda ya girma a soro ya san wannan da jikinsa: da rana ɗaki yana da ni'ima, amma a daren bazara bango yana amayar da abin da ya sha, dole a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ga ɗakin kwana wannan aibi ne. Ga laburare kuwa kusan babu ginin da ya fi dacewa da wannan hali, domin jama'arsa suna zuwa da hantsi, su tashi da la'asar ko magariba, kuma a lokacin da bangon ya fara sakin zafinsa babu kowa a ciki. Abin da ake bukata kawai shi ne a buɗe wa iskar dare hanya ta ratsa ginin ta wanke shi, yadda kafin asuba bangon zai huce ya shirya karɓar zafin wata rana. Idan aka rufe ginin ruf da dare saboda tsoron ɓarayi, zafin jiya zai haɗu da na yau, cikin mako guda kaurin bangon ya koma cuta. Shi ya sa ƙananan tagogin sama masu ƙarfe da raga, waɗanda za a iya bari a buɗe har gari ya waye, suke cikin muhimman kayan aikin irin wannan gini. A hunturu, da dare yake sanyi ƙwarai, dabarar tana aiki fiye da yadda ake bukata. A tsakiyar bazara, da daren ma ba ya hucewa sosai, ƙarfinta yana raguwa, kuma gaskiya ita ce a waɗannan makonni sai an taimaka mata da fanka.

Tsohon masallacin Dandaji aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacin da ya gina a Yama, shi ma a jihar Tawa, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da ginin ya tsufa ya fara zaizayewa, hanyar da aka saba bi ita ce a rushe a zuba bulo da siminti. A nan an bar shi a tsaye, aka gayyato maginan da suka yi aikinsa na farko suka shiga gyaran, aka ƙara musu da dabarun ƙarfafa ƙasa da kare ta daga ruwa. Wannan shawara tana da nata lissafin makamashi, domin ginin da yake tsaye an riga an biya kuɗin haƙo ƙasarsa da ɗaukarta da ɗora ta, yayin da siminti sai an gasa shi a wuta mai tsanani, har masana suka ƙiyasta cewa masana'antarsa tana fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya take fitarwa. Sabbin gine-ginen harabar an yi su da tubalin jar ƙasa da ake matsewa a inji, wanda asalin injinsa na hannu an ƙirƙiro shi a Kolombiya a shekarun 1950. Yawanci ana sa masa ɗan siminti kaɗan, ba a gasa shi, yana fitowa da kusurwa daidai kamar bulo, yana riƙe sanyi kamar tubalin gargajiya, kuma ba ya neman yaɓe duk shekara. Mafi yawan kayan aikin an samo su ne a tazarar da ba ta kai kilomita 5 daga wurin ba, kankare kuma aka taƙaita shi ga ginshiƙai da kan ƙofofi da tagogi. A cikin laburaren an yi amfani da ƙarfe wajen matakala da bene da shingayen wuraren nazari, saboda itacen gini ya yi ƙaranci a yankin. Ina ganin wannan daidai ne ta fuska biyu, domin giginyar da ake tsaga azara daga jikinta tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, gara kuma ba ta cin ƙarfe.

Masallaci alƙibla ce take tsayar masa da fuska, don haka masu gyaran Dandaji sun karɓi tsohon ginin a yadda suka same shi. Wanda zai gina sabon laburare yana da zaɓi, kuma zaɓin da ya fi shi ne ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa su dubi kudu da arewa, gajerun su dubi gabas da yamma. Ranar hantsi da ta la'asar tana zuwa ne a kwance, ta shige ƙarƙashin kowace rumfa ta faɗa cikin ɗaki, ta yamma kuma ita ce mafi sharri domin tana haɗuwa da lokacin da iska ta fi zafi. Bangon yamma ya dace da ma'ajiya da matakala da makewayi, ba wurin manyan tagogi ba ne. Bangon gabas kuma shi hadarin damina yake duka, shi ya sa magina suke ƙara masa kariya da makuba ko laso. Akwai wani kuskure da ake kwasowa daga littattafan Turai, inda ake koyar da cewa rana ba ta taɓa bangon arewa da tsakar rana. A can haka ne. A Tawa, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewacin tsakar ka, saboda haka tagar arewa ma tana bukatar rumfarta, ko da ba ta kai ta kudu zurfi ba.

Haske shi ne abin da laburare ya fi kowane gini bukata, kuma shi ne aka fi yin ɓarna da sunansa. Ma'aunin da ake bi a ƙasashe da yawa yana neman lux 500 (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske) a kan teburin karatu, da wajen 200 a tsakanin kantocin littattafai, alhali hasken rana a fili yana iya kaiwa lux 100,000. Ɗan abin da muke bukata bai wuce ɗaya cikin 200 na abin da yake waje ba. Bangon gilashi yana shigo da ninkin-ba-ninkin wannan tare da zafinsa, yana kashe ido, yana koɗar da tawada da bangon littafi, daga baya a sa labule a kunna fitila da rana tsaka. Taga siririya mai tsayi, wadda aka ɗaga kusa da rufi aka yi mata rumfa, tana jefa haske a kan farin silin ya bazu har tsakiyar zaure ba tare da rana ta taɓa takarda ba. Inda hasken bai kai ba, fitilun LED suna cike giɓin da wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tsohon ƙwan fitila mai zare yake sha ba, muddin an raba makunnansu layi-layi, yadda za a kashe na kusa da taga a bar na ciki.

Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take yi. Idan gini yana da tsayi, da kafofi a ƙasa ta ɓangaren inuwa da wasu a can sama, iskar da jikin mutane ya ɗumama za ta fita ta sama ta jawo sabuwa ta ƙasa, ko da babu motsin iska a waje. Wannan ba dabarar ƙauye kaɗai ba ce. Laburaren Lanchester na Jami'ar Coventry a Ingila, wanda aka buɗe a shekarar 2000, babban gini ne mai hawa da yawa a tsakiyar birni, amma zaurukan karatunsa ba su da iyakwandishan. Iska tana shiga ta ƙarƙashin ginin, ta hau ta cikin rijiyoyin haske, ta bazu a kowane hawa, ta fita ta hasumiyoyin da suka kewaye shi, kwamfuta kuma tana buɗe kafofin tana rufewa gwargwadon zafi da yawan numfashin jama'a, da dare ta bar su a buɗe domin kankaren ya huce. Binciken da aka yi bayan an fara amfani da shi ya nuna yana shan wajen rabin makamashin da gini mai iyakwandishan irin girmansa yake sha. Abin lura shi ne ko a can, a ƙasar sanyi, an keɓe hawan ƙarƙashin ƙasa, inda ɗakin kwamfutoci da ma'ajiyar littattafai suke, aka sa masa na'urar sanyaya. Sun raba ginin gida biyu, babban ɓangare yana numfashi da kansa, ƙaramin yana da inji. Rabon nan shi ne abin ɗauka. Kwamfutar da ke buɗe kafofi kuwa, a wurinmu maigadi mai sanda da ƙugiya, wanda aka koya wa lokacin buɗewa da na rufewa, zai fi ta daɗewa yana aiki.

A nan ne ake isa ga wurin da abin ya fi wuya, domin laburare yana da mazauna iri biyu da bukatunsu suka saɓa. Mutum yana son iska tana kaɗa shi, kuma wanda ya saba da zafi yana iya karatu cikin natsuwa a digiri 29 ko 30 idan akwai fanka. Takarda kuwa sanyi take so, da yanayin da ba ya hawa da sauka. Masu adana littattafai suna neman wajen digiri 18 zuwa 21 da danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Idan danshi ya haura kashi 65 ya daɗe a haka, fumfuna tana kamawa, kyankyaso da sauran ƙwari su biyo baya, idan kuma ya faɗi ƙasa ƙwarai, kamar yadda yake yi a hunturu, takarda tana bushewa ta yi ƙarfi, gam ya saki, fatar bango ta tsage. Ga kuma ƙura, wadda duk tagar da aka buɗe wa iska an buɗe mata. Wanda ya ce iskar Allah kaɗai za ta biya dukan waɗannan bukatu bai faɗi gaskiya ba. Amma littattafan makaranta da na hikaya da ake ara kullum, waɗanda hannu zai cinye su cikin 'yan shekaru, ba sa bukatar gatan da ake yi wa rubutun hannu mai shekara 200. Su ya ishe su a sa su a kantocin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa aka janye daga bangon waje, masu daraja a cikinsu a kabad mai murfi, a juya kafofin shigar iska su bar arewa maso gabas inda iskar hunturu take fitowa, a kuma yi wa ginin zaure a ƙofar shiga, kamar na gidajenmu, inda ƙura da zafi za su tsaya kafin a isa ciki.

Rubuce-rubucen hannu da tsofaffin takardun tarihi su ne suke bukatar ɗaki na musamman. Da aka kwashe dubban ɗaruruwan rubuce-rubucen Timbuktu zuwa Bamako a 2012 da farkon 2013 domin tsere wa yaƙi, babbar barazanar da ta tarye su a can ita ce danshi, domin takardun da suka shekara ɗaruruwa a busasshiyar iskar bakin hamada sun sauka a garin da damina take da ƙarfi. Duk wata ma'ajiya irin ta Gidan Arewa a Kaduna ko ta cibiyar binciken da ke Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai tana fuskantar wannan jarrabawa a watan Agusta. Maganinta ɗaki ne ƙarami a tsakiyar gini, wanda babu bangonsa ko ɗaya da rana take duka, marar taga, mai ƙofa da take rufuwa gam, da ƙaramar na'urar sanyaya da ta tsotse danshi. Sharaɗi guda ne, kada a riƙa kunna su da safe ana kashewa da yamma, domin hawa da saukar yanayi ya fi zafin da ya tsaya wuri ɗaya illa ga takarda. Idan hukuma ta san ba za ta iya riƙe musu wuta dare da rana ba, gara ta dogara da kaurin bango da akwatunan kwali marasa sinadarin tsami, ta bar na'urar.

Sauran na'urorin sai a hau su kamar tsani, daga mai arha zuwa mai tsada. Fankar sama tana shan wajen wat 60 zuwa 75, ba ta rage zafin ɗaki a ma'auni, amma tana sa jiki ya ji kamar an rage digiri 2 ko 3, kuma wutar iyakwandishan ɗaya tana juya fanka 15 zuwa 20. Sama da ita akwai na'urar da ke sanyaya iska ta hanyar ruwa, wadda aka saba gani a Yamai da Khartum, kuma asalin hikimarta ita ce ta randa: ruwa yana tsattsafowa ya bi iska, ya tafi da zafi. Ita ce hikimar da Malam Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yi amfani da ita a tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya ci lambar Rolex a shekarar 2000. A Maris da Afrilu, da iska take bushe, na'urar tana aiki sosai da wuta kaɗan, har ma ɗan danshin da take ƙarawa yana yi wa littattafai daɗi. Da zarar damina ta sauka sai a kashe ta, domin a lokacin ba ta sanyaya komai, fumfuna kawai take kira. Iyakwandishan shi ne matakin ƙarshe, ga ɗakin kwamfuta da ma'ajiyar rubuce-rubuce. A nan ma ƙananan na'urori masu daidaita gudunsu da kansu, waɗanda makanikin gari ya san cikinsu kuma ana samun kayan gyaransu a kasuwa, sun fi babban inji guda mai ciyar da gini duka, wanda idan ƙaramin abu ya lalace a cikinsa sai an jira kaya daga ƙetare. A ɗakin kwamfuta a tsayar da su a digiri 25 ko 26, a daina murɗa su zuwa 16.

Sai an rage bukata zuwa wannan matsayi sannan maganar sola take da ma'ana. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga nazarin makamashin rana, kuma ƙasarsa tana cikin waɗanda suka fi kowa samun wannan arziki: farantan da ƙarfinsu ya kai kilowat ɗaya suna ba da yunit 4 zuwa 5 a rana. A ɗauki laburare mai fanka 20, da fitilu 30, da kwamfutocin cinya 20. Duka ba za su kai kilowat 3 ba, a awa 10 ba za su wuce yunit 30 ba, farantan kilowat 6 ko 7 sun ishe su. A sa wa wannan zaure iyakwandishan 8, bukatar za ta doshi yunit 100, farantan su haura kilowat 20, kuɗin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Laburare yana da wata sa'a, cewa aikinsa da rana ne, a lokacin da farantan suke bayarwa, don haka ba ya bukatar batura masu yawa, waɗanda su ne mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa. Batir mai dalma yana rasa kusan rabin shekarunsa da kowane ƙarin digiri 10 a kan 25, don haka wurinsa ɗaki mai sanyi da iska, nesa da littattafai saboda gobara. Su ma farantan zafi yana rage musu ƙarfi, wajen kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, ƙurar hunturu kuma tana rufe su, sai an ɗage su daga rufi iska ta bi ƙarƙashinsu, an kuma sa wanda zai riƙa wanke su. Idan aka ɗage su haka, sun zama wani rufin na biyu mai yi wa na ƙasa inuwa.

Ruwan wankin da na ban-ruwa daga rufin zai fito. A Dandaji an tsara tafkin ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina, da bututun da ke ɗiga ruwa a gindin shuka, domin itatuwan harabar su rayu. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, ke nan rufi mai murabba'in mita 500, a shekarar da aka sami milimita 350, yana karɓar lita 175,000 da indararo zai zubar a banza idan ba a tara ba. Itatuwan suna sanyaya iskar kafin ta shiga taga, suna tace ƙura, suna hana ƙasa yin zafi ta huro wa bango. Suna kuma warware matsalar masu karatun dare, domin ɗalibin da ya dawo bayan isha'i a bazara zai tarar da bangon yana sakin zafinsa, amma dakali a tsakar harabar, da fitila mai batir a bisansa, ya fi kowane ɗaki daɗi a wannan lokaci.

Kada a ɗauki tsarin Dandaji a kai shi ko'ina yadda yake. Ya dogara ne da busasshiyar iska da bambancin zafin rana da na dare, abin da ake samu a Tawa da Damagaram da Sakkwato da Katsina da Kano. A zangon Kumasi ko a Legas, inda dare yake da ɗumi da danshi kusan duk shekara, bango mai kauri ba ya samun damar hucewa, kuma abin da ya fi dacewa shi ne gini siriri mai faffaɗar rumfa da tagogi masu fuskantar juna, iska tana wucewa, ma'ajiyar littattafai kuma ta fi bukatar na'urar tsotse danshi. A Jos kuwa sanyin hunturu ne abin lissafi, har ana son ranar safe ta ɗan shigo.

Babban cikas a wurinmu yana ga yadda ake ba da kwangila. Kuɗin gini suna fitowa sau ɗaya, da yawa, daga wani aljihu, kuɗin wuta da gyara kuma suna fitowa kaɗan-kaɗan daga aljihun ma'aikatar da ba a tambaye ta ba lokacin zane. Ga kuma kallon da ake yi wa ginin ƙasa a matsayin alamar talauci, alhali fadojin sarakunanmu da shi aka gina su. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, don haka ya kamata shugaban laburare da maigadi da mai shara su zauna da mai zane tun kafin a haƙa tushe, a kuma tilasta wa mai zanen ya rubuta adadin yunit ɗin da ginin zai sha a shekara, da zafin da zauren karatu zai kai da ƙarfe uku na ranar Afrilu idan babu wuta. Bayan an tare, a rataye ma'aunin zafi da na danshi a zaure da ma'ajiya da inuwar waje, a ɗora wa ma'aikaci guda rubuta su sau uku a rana tare da lambar mita, har shekara ta zagayo da bazararta da daminarta da hunturunta. Da wannan littafi za a san ko tagogin sama suna aikinsu, ko ɗakin rubuce-rubuce yana haura kashi 65 a watan Agusta, da kuma abin da ya kamata a gyara a laburaren garin da ke gaba kafin a aza masa tubalin farko.